Tazarar Dala Goma

Ranar Alhamis, ana cin kasuwar Dole,
a gangaren da ke bin bayan Birni,
amalanken jaki ɗauke da jarkokin ruwa
ya ɓullo mini daga bayan dutse.
Na taka birki. Ƙafata ta nitse har ƙasa
kamar wanda ya taka kunu.
Motar ta tsaya, amma sai da ta ga dama.
Yaron da ke kan amalanken bai ko waiwayo ba.
Ni ne na kwana ina ganin ƙeyarsa.

Da safe na kai ta wurin Kiyari
a Garin Malam, ƙarƙashin bedi,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi.
Ya ciro takalmin birkin ya aza a tafina,
bai kai kaurin kilishi ba.
Na ce na gaji da irin wannan,
a sa mini babba, na motar da ta fi tawa.
Ya goge hannu a wandonsa, ya ce,
"Babba na da daɗi, in ɗaki ya ɗauke shi."

Jaka arba'in na ƙirga wa mai kayan gyara.
Faifai biyu masu faɗin murfin tukunya,
da haƙoran da za su cije su,
ja wur, nauyi kamar dutsen niƙa.
Na rungumo su cikin kwali ina taƙama.

Kiyari bai taɓa sukurudireba ba.
Ya yagi kwalin sukari, ya zana, ya yanke,
ya cusa shi cikin ƙarfen taya yana juyawa,
ido ɗaya a rufe.
Sannan ya shafa alli a bayan sabon birkin,
ya ɗaura, ya maida taya, ya ce wa Nomau,
"Juya a hankali. Kowa ya yi shiru."

Ƙiii.
Ɗan ƙara ne, kamar ɓera a bayan buhu.
Da aka cire, ga farin layi a cikin ƙarfen,
zagaye guda, ba yankewa.

Na ce a goge shi da zarto, ɗan kaɗan ne.
Nomau ma ya ɗaga kai, ya yarda da ni.
Kiyari ya laluba aljihu, ya fiddo dala goma,
ya ce, "In wannan ba ta ratsa tsakaninsu ba,
motar nan ba ta fita daga inuwata.
Ƙarfe na kumbura in ya sha zafi a hanyar Tanut.
Abin da ka goge yau, shi za ka nema gobe
da ƙafarka a ƙasa."

Na yi fushi. Na tafi gida a kabu-kabu.
Kwana uku motar na bisa duwatsu, ba takalmi.
Ran na huɗu na kai ragon Cima kasuwa,
ba ta ce komai ba, ta dai riƙe igiyar.
Na sayo ƙarafan taya huɗu, masu faɗi da inci ɗaya.
Inci ɗaya! Rago sukutum.

Aka ɗaura. Dala goma ta shige, ta faɗo ta ƙasa,
ta yi birgima cikin yashi, Nomau ya bi ta.
Aka juya taya, babu ɓera.
Sai fitar da iska daga cikin mai:
taka, taka, riƙe! Saki.
Har kumfa ya ƙare a cikin kwalba.

Da la'asar muka hau hanyar Mirya.
Kiyari ya ce, "Ba ta wuta." Na ba ta.
Daidai wata tsamiya ya ce, "Yanzu."
Hularsa ta tashi ta bugi gilashi.
Ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya maida,
ya sauka ya kai bayan hannu kusa da kowace taya,
ya dawo ya zauna.
Ya ce, "Bayan sati ka dawo a ƙara ɗaure notina.
Kuma dala gomana na hannun Nomau."